Maganin ƙwari a cikin akushin yara

Idan kaka ta yi, aka gama roron wake, aka bubbuge shi aka sheƙe, hankalin manomi yakan koma kan yadda zai ajiye shi har ya yi daraja. A kaka wake araha gare shi, sai bazara ta ƙarato, rumbuna sun fara yin ƙasa, sannan kuɗinsa ke tashi. To, amma tsakanin kaka da bazara akwai ƙwaron wake. Tun daga gona yake saka ƙwai, ya biyo waken har gida, cikin wajen wata guda ƙwan ya zama babban ƙwaro, shi ma ya haifi wasu. Kafin watanni kaɗan sai a tarar buhu ya koma huji da gari. Ganin haka ne ya sa manoma da ƴan kasuwa da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso suke sayen magani a kasuwa su zuba, don kada wahalar shekara ta tashi a banza.

Babu mai ganin laifin wanda ya nemi kare dukiyarsa. Sai dai waken nan da aka zuba wa magani, shi ne zai koma ƙosan da ɗan makaranta ke karya kumallo da shi, shi ne ɗanwake, shi ne shinkafa da waken da uwa ke ba ɗan da ta yaye. Abin da ya saura na maganin a jikin abinci ido ba ya ganinsa, sau da yawa harshe ma ba ya jin sa. Wanda kuma ya fi kowa cutuwa da wannan saura shi ne ƙarami a gidan, wanda bai san an zuba ba, bai kuma iya tambaya ba.

Dalilin da ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari

Masana lafiya ba su auna guba da yawan abin da aka ci kawai, suna auna ta ne da nauyin jikin wanda ya ci. A ɗauki magidanci mai nauyin kilo 60 da ɗansa mai kilo 10, tukunya ɗaya aka zuba musu. Ko da yaron bai ci fiye da sulusin abin da uban ya ci ba, idan aka raba bisa nauyin jiki, kowane kilo na jikin yaron ya karɓi ninki 2 na abin da kilo na jikin uban ya karɓa. Haka lissafin yake a wajen ruwan sha da madara, domin mai girma yana ci yana sha fiye da babba idan aka kwatanta da jikinsa. Bugu da ƙari, abincin ƙaramin yaro bai da yawan iri: kunu, wake, ɗan tuwo da miya, kullum su ke nan. Idan aka yi rashin sa'a ɗaya daga cikinsu ya gurɓata, to, yaron zai yi ta cin sa safe da yamma har buhun ya ƙare.

Dalili na biyu yana cikin jiki. Hanta da ƙoda su ne ke tace guba su fitar da ita, na jariri kuwa ba su gama ƙwari ba. A cikin jinin ɗan Adam akwai wani sinadari mai warware wasu magungunan ƙwari. Bincike ya nuna jariri yana da shi kaɗan ƙwarai, sai ya ɗauki shekaru kafin ya kai na manya. Yaron da tamowa ta riga ta raunana shi, nasa haɗarin ya fi.

Dalili na uku shi ne ƙwaƙwalwa. Mafi yawan magungunan ƙwari jijiyoyin ƙwaro suke lalatawa, jijiyar ƙwaro da ta mutum kuwa hanyar aikinsu kusan ɗaya ce. Ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa tun daga cikin uwa har shekarun farko na rayuwa. Ginin da aka taɓa tun yana ɗanye, da wuya ya miƙe daga baya.

A shekarar 1993 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da babban rahoto kan magungunan ƙwari a abincin jarirai da yara, inda ta nuna cewa iyakokin da aka tsara bisa jikin manya ba su isa su kare yara ba. Wannan ya jawo dokar 1996 a can, wadda ta ce in ba a tabbatar magani ba ya cutar da yara ba, sai a ƙara tsaurara iyakarsa har sau 10.

Ciwon nan take da ciwon sannu a hankali

Gubar maganin ƙwari tana zuwa ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta nan take, idan an ci da yawa a lokaci ɗaya. Magungunan dangin piya-piya suna sa yawu ya yi ta zuba, da gumi, da hawaye, da amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, numfashi ya yi wuya. A ƙananan yara sau da yawa abin da ake gani shi ne jiki ya saki, da yawan barci marar dalili, da jijjiga. Saboda alamun nan sun yi kama da na masassara mai tsanani, ko na ciwon amai da zawo, akan ɓata lokaci ana neman wani magani dabam, wasu ma su ce iskoki ne. Abin lura shi ne idan mutane da yawa da suka ci daga tukunya ɗaya suka kwanta tare cikin sa'o'i kaɗan, musamman in yara ne suka fara faɗuwa.

Fuska ta biyu ita ce ta kaɗan-kaɗan, wadda ba ta kwantar da kowa ranar da aka ci. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. A kwarin Salinas na jihar Kalifoniya, wurin da ake noman kayan lambu ƙwarai, masu bincike na jami'ar Berkeley sun bi mata masu ciki tun daga 1999, suna auna alamar irin waɗannan magunguna a fitsarinsu, suka ci gaba da bin ƴaƴan da suka haifa. A 2011 suka bayyana cewa da yaran suka kai shekara 7, ƴaƴan matan da aka fi samun maganin a jikinsu sun kasa ƴaƴan waɗanda aka samu kaɗan da maki 7 a gwajin basira. A wannan shekara wasu bincike guda 2 da aka yi a birnin New York sun nuna abu mai kama da haka. Irin wannan shaida na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta hana maganin kulorfirifos a 2020.

Akwai kuma tsoffin magunguna irin su DDT da diyaldirin, wanda aka daɗe ana fesa wa fara a ƙasashen Sahel. Su waɗannan ba su saurin lalacewa. Suna daɗewa a ƙasa, su taru a kitsen dabba da na mutum, su bi ta cibiya da ta nono su isa ga jariri. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana diyaldirin, ta kuma taƙaita DDT ga yaƙi da sauro kawai. Aka ƙara lindan a 2009, da endosulfan a 2011. Duk da haka likitoci sun haɗu kan cewa nonon uwa shi ne abincin da ya fi ga jariri, kada tsoron wannan ya sa a cire shi. Kare uwa mai ciki da mai shayarwa daga magani shi ne kare ɗanta.

Ƙofofin da gubar ke bi ta shiga gida

Ƙofa ta farko ita ce buhun ajiya. Ruwan maganin da ake kira piya-piya, wanda sunansa na asali dikulorbos, ana sayar da shi cikin ƙananan kwalabe, wani lokaci ba tare da takarda ba, wasu kuwa sukan yayyafa shi kai tsaye a kan wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, domin an yi ta samun wannan magani a cikinsa, a wasu buhunan har ninki ɗaruruwa bisa iyakar da ta yarda da ita, wato kashi 1 cikin 100 na miligiram a kowane kilo. Wannan labari ya shafi Nijar kai tsaye: ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kasuwannin biyu a haɗe suke, kwalaben maganin kuma hanya ɗaya suke bi da buhunan. Waken da Turawa suka auna suka ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidaje ba tare da kowa ya auna ba.

Akwai kuma ƙwayar Phostoxin, wadda wasu ke kira bom. Da ta ji laima sai ta fitar da iska mai guba wadda har yau ba ta da makari. Aikin ƙwararru ce, a sito rufaffe wanda ba a kwana a ciki. Idan aka jefa ta cikin buhu aka jingine a ɗakin kwana, iskar takan fita ta leƙa ko'ina, yara masu kwana a ƙasa kusa da buhun su ne na farkon shaƙa. Tokar da ta bari kuma, in ba a naɗe ƙwayar a ƙyalle ba, sai ta gauraya da abincin.

Ƙofa ta biyu ita ce lambu. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, kayan lambu sun yawaita a kasuwanni, wannan kuwa alheri ne babba ga lafiyar yara. Sai dai kowane magani yana da kwanakin jira tsakanin feshi na ƙarshe da ranar tsinka, an rubuta su a jikin kwalba. Mai lambun da ya fesa tumatir ko shu ko zogale yau, ya tsinka jibi don ranar kasuwa ta zo, ya kai wa mutane maganin da bai gama mutuwa ba. Ya fi muni idan maganin auduga aka fesa wa abin ci, ko aka zarce ma'auni da zaton cewa ƙari shi ne ƙarfi. Salati da tumatir da karas, waɗanda ake ci ɗanye, ba su ma bi ta wuta ba.

Ƙofa ta uku ita ce fankon bido da kwalba. Roba tana shan magani, wanki da sabulu ba ya fitar da shi duka. Ranar 16 ga Yuli 2013, a ƙauyen Gandaman na jihar Bihar ta Indiya, yara 23 ƴan firamare sun rasu bayan cin abincin rana na makaranta. Bincike ya gano maganin monokurotofos a cikin man girki da ragowar abincin, aka kuma ɗora zargi kan mazubin da aka ajiye man a ciki. Duk bidon da ya taɓa ɗaukar magani bai cancanci ruwan sha ko mai ko nono ko fura ba har abada.

Ƙofa ta huɗu ita ce irin shuka da aka cuɗa da magani. Da gangan ake rina shi ja ko shuɗi don a gane ba na ci ba ne. A ƙasar Iraƙi, daga ƙarshen 1971 zuwa 1972, an raba irin alkama mai magani wanda ya iso bayan lokacin shuka ya kusa wucewa, gargaɗin da ke jikin buhunan kuma da harsunan waje aka rubuta shi. Mutane suka wanke launin, suka niƙa, suka yi burodi. Mutum 6.530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can, jarirai da yawa kuma aka haife su da lahani a ƙwaƙwalwa. Launi yana fita da ruwa, guba ba ta fita. A shekarar da hatsi ya yi ƙaranci ne ake fi shiga wannan jarrabawa.

Haka nan fara, wadda yara ke so soyayya da yaji. A shekarun da fara ta mamaye ƙasa, kamar 1988 da 2004, akan yi feshi mai yawa, farar da magani ya taɓa kuwa ita ce ta fi sauƙin kamu, domin ba ta iya tashi. Farar da aka tsince matacciya ko kasasshiya a inda aka yi feshi ba ta ciwuwa.

Ajiya ba tare da guba ba

Abin farin ciki shi ne, ƙofa mafi girma tana da marfi. Ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowace halitta. In aka hana shi iska sai ya daina ci da haihuwa, ya bushe ya mutu. A kan wannan ne, tun ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken noma na Marwa a Kamaru suka fito da dabarar buhu mai riɓi 3: leda mai kauri guda 2, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa a waje. Daga 2007 aka yaɗa shi da sunan PICS a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar, inda masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi suka gwada shi suka tabbatar da aikinsa. A ƙauyuka da yawa an ɗaure buhu a gaban jama'a a kaka, aka dawo bayan watanni aka kwance shi a gabansu, wake ya fito kamar ranar da aka zuba shi.

Sharuɗɗansa ba su da wuya. A shanya wake ya bushe sarai, a fitar da datti. A duba ledojin, kada a samu ko ƙaramin huji. A zuba, a matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowane da ɗaurinsa. A ɗora bisa katako nesa da bango saboda ɓera, kada a riƙa buɗewa. Ba a ƙara masa ko ɗigon magani. Muddin bai huje ba, yana iya yin kaka fiye da ɗaya.

Wanda bai samu wannan buhu ba, tanon ƙarfe ko bidon mai na ci da aka cika fal aka toshe bakinsa sosai yana yin irin wannan aiki. Ga abin da za a ci a gida kuwa, dabarun kakanni suna nan: cuɗa wake da toka mai yawa ko rairayi mai laushi, da saka ganyen anza. Shanya wake a tsakar rana tsakanin baƙar leda a ƙasa da fara a bisa na wajen sa'a 2 yana kashe ƙwaro da ƙwansa kafin a ɗaure. Manomin da ya zuba guba don ya tsira da buhu, ya kwantar da ɗansa, garin gyaran gira ya rasa ido.

Nauyin da ya rataya a wuyan kowa

Ƙasashen ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1973 bayan babban fari, sun amince da doka guda kan magungunan ƙwari a 1992, kwamitin tantance su ya fara aiki a Bamako a 1994. Maganin da aka yarda da shi yana ɗauke da lambar izni a jikin takardarsa. Amma ƙidayar da ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta yi a kasuwannin Nijar ta nuna da yawa daga abin da ake sayarwa ba shi da wannan izni. Aikin ma'aikatan kare tsirrai ne da na duwan da mahukuntan gundumomi su sa ido kan iyakoki da kasuwanni, su raba mai sayar da magani da layin masu kayan abinci, su hana ɗura shi cikin kwalaben lemo. Shugabannin makarantu masu dafa wa yara abinci su san inda wakensu da mansu suka fito, kada kuma a haɗa sito ɗaya da magani. Ƙungiyoyin manoma su tanadi buhunan ajiya tun kafin kaka, domin manomi ba ya barin kwalba sai ya ga abin da zai maye gurbinta a kasuwar garinsu.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da rawa ta musamman. Ko da takardar magani da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta ta, lambobi da hotuna da launi kowa na iya koyonsu. Zanen launi da ke ƙasan takarda yana faɗin ƙarfin guba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa. Mai karatu yana iya nemo yawan kwanakin jira ya faɗa wa maƙwabcinsa, ya rubuta ranar feshi a littafi, ya rubuta a jikin buhu ko na shuka ne ko na ci. Kwalbar da ba ta da takarda kuwa, ba a san abin da ke cikinta ba, ba ta sayuwa. Fankon mazubi a ɗauraye shi sau 3 a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda shi don kada wani ya ɗauka.

A gida, uwa ta sansana wake kafin ta saya, ta guji mai warin magani ko mai farin gari a jikinsa. Ta shanya shi, ta jiƙa, ta zubar da ruwan, ta wanke sosai. Kayan lambu a wanke su da ruwa mai yawa, a cire ganyen waje na shu da salati, a fere abin da ke feruwa. Wanki da dafuwa suna rage saura, ba su kawar da ita duka, shi ya sa gyara na gaskiya daga gona da sito yake farawa. Kada kuma tsoro ya sa a hana yara wake da ganye, domin tamowa ta fi kusa, ta fi kuma kisa. Wake shi ne naman talaka.

Idan aka yi zaton yaro ya ci guba, kada a ɗura masa nono ko mai ko ruwan gishiri, kada a tilasta masa amai. A cire masa rigar da magani ya taɓa, a wanke jikinsa, a kwantar da shi bisa gefe, a gaggauta kai shi likita mafi kusa tare da kwalbar ko ragowar abincin. Dangin piya-piya suna da makari, allurar atirofin, amma sai likita ya san abin da aka sha, kuma an zo da wuri.

Rigakafi ya fi magani. Duk mai awon wake a kasuwa, ko mai sayen kayan miya a bakin lambu, yana da haƙƙin ya tambayi mai kaya da me ya ajiye shi, yaushe kuma ya yi feshi na ƙarshe. Ranar da masu tambaya suka yawaita, mai wake marar magani zai fi samun ciniki, sauran kuma za su bi sahunsa. Allah ya raya yara, ya kare su daga abin da ba su gani ba.